Shekarar Da Ishaku Ya Sa Ni Cikin Gajimare

Cikin duk abin da ya same ni a duniya, babu wanda aka ɓata labarinsa kamar mutuwata ta farko. Kowa a gidan nan yana da nasa. 'Yata Hannatu tana gaya wa 'ya'yanta cewa na suma a tsakar gida, alhali ni ko a ɗakin haihuwa ban taɓa suma ba. Wasu a wajen Kwoi har yau suna cewa ƙaninta Ishaku da gangan ya yi don tikiti ya ƙare. Akwai ma jikata da ta tambaye ni ko gaskiya ne an sa ni a akwati na buga murfin daga ciki. To tun da ni ce gawar, ku bari in faɗa muku yadda aka yi, ku daina ƙara masa gishiri.

A shekarar ne na yanke shawarar sauka daga jagorancin waƙa a zumuntar mata ta majami'armu a Kafanchan. Tun marigayi maigidana yana aikin jirgin ƙasa, muna zaune a kwatas ɗin reluwe, nake ba da waƙa mata suna amsawa. Na yi waƙa da ciki, na yi da goyo, na yi a makon da muka binne shi. Amma murya ta fara tsinkewa idan na hau sama, gwiwa kuma ta daina yarda da rawa, kuma ni ba na son in kai lokacin da za a riƙa tafa mini don tausayi. Matan suka ce ba zan sauka shiru ba, sai an yi taron waƙoƙin ban kwana wata Asabar da rana a babban zaure, a kawo ƙungiyoyin ƙauyuka da tulunan kiɗansu da kacau-kacau. Ba zan ɓoye muku ba, na so wannan taro ƙwarai. Na zaɓi waƙoƙin da zan yi, na ɗinka sabon zane, na daina shan ruwan sanyi don makogwaro.

Ni dai cewa na yi a buga kati a raba bayan sujadar Lahadi a majami'a, yadda muka saba. Matasa suka yi mini dariya, wai yanzu ta waya ake sayen tikiti, don 'yan'uwanmu na Kaduna da Abuja su kama kujera tun suna can. Ishaku, autana, sana'arsa ke nan. Yana tsara wa masu biki da masu wasa shafin da mutum zai shiga ya ga hoto, ya ga rana da wuri, ya danna ya saya. Shi ya karɓi aikin. Ya kwaso duk hotunana ya baje a kan tebur yana yatsina fuska: wannan na rufe ido, wancan gumi ya jiƙa ɗankwali, wani kuma bakina a buɗe har ana ganin giɓin haƙori. Na ce masa haka mai waƙa take, duk wanda yake son hoton mace baki a rufe ya je banki.

Sai ya ɗauki fuskata daga hoto ɗaya ya ba wannan na'ura da suke kira AI, wadda ake gaya mata abin da ake so ta zana. Da ya kira ni in gani, sai ga wata mata mai kama da ni, sanye da farin leshi, fatarta sumul, haske yana fitowa ta bayan kanta, gajimare a ƙarƙashinta, kurciyoyi farare suna tashi gefe. A ƙasa ya rubuta sunana, da shekarar da na fara waƙa da shekarar da zan sauka, da ɗan layi a tsakaninsu.

"Wannan ba ni ba ce," na ce.

"Kai ne mana, Mama. Na dai yi maka gyara kaɗan. Haka ake dizain yanzu, in hoto bai ja ido ba mutum ba zai danna ba." Haka Hausar garinmu take, mace ma "kai" ake ce mata.

"Ina zanen zumunta? Ina tulu?"

"Mama, ka bar mini wannan. Waƙa naka ne, fej nawa ne."

Na bar masa. Kuma in za a yi adalci, a kan kwamfutarsa hoton yana zaune ne tsakanin jajayen rubuce-rubuce da wani koren maɓalli mai cewa a sayi tikiti, babu wanda zai kawo wani abu a ransa. Matsalar ita ce mutanenmu ba sa tura shafi. Hoto suke yankewa su tura. Kuma duk wanda ya girma a ƙasarmu ya san abu ɗaya ne ake bugawa da fuskar tsohuwa cikin gajimare da kurciya da shekaru biyu da layi a tsakani, ana manna shi a jikin bishiya da ƙofar majami'a. Ishaku ya wuce irin waɗannan takardun jana'iza tun yana tafiya firamare, amma ya zauna ya yi wa uwarsa irinta bai gane ba.

Ban san wanda ya fara ba, kuma na daina nema. Wani dai ya yanke hoton ya tura gurup ɗin 'yan garinsu na waya, wani ya ƙara a sama cewa Mama Rifkatu ta tafi gida, sai mun sadu. Wani shafi da ke kiran kansa na labaran gari ya ɗauka ya ce bayan gajeruwar rashin lafiya. Ni da ko mura ban yi ba a shekarar. Ina tsakar gida da safe ina tsince wake sai na ji sallama can ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan makoki. Hajiya Balaraba ce, mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda muka yi maƙwabtaka tun 'ya'yanmu suna rarrafe. Ta shigo da kwanon abinci a hannu, idonta jawur. Da ta gan ni sai ta tsaya cak, ta ajiye kwanon a hankali kamar kada ya tashe ni.

"Maman Hannatu, ke ce?"

"Wa kike nema da?"

"Gaisuwarki na zo yi," in ji ta. Ta matso ta kama hannuna ta murza, sannan ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da gyale, ban san ko kuka take ko dariya ba.

Kafin rana ta take, gidan ya cika. Mata sun zo da itace a kafaɗa, an kawo kujerun roba daga majami'a, wani dattijo ya riga ya fara tambayar ko an yi magana da masu haƙa kabari. Kowa ya shigo sai ya same ni zaune da tiren wake, ya yi tsuru-tsuru, ya rasa gaisuwar da zai yi. Wata ma da ta taho tun daga Kagoro haushi ta ji, ta ce ai da an gaya mata da ba ta ɓata kuɗin mota ba. Na ce ta yi haƙuri, in Allah ya yarda nan gaba ba zan sa ta asara ba.

Waɗanda suka zo da ƙafarsu sun gani sun koma. Sauran duniya kuwa tana cikin waya, kuma a can na riga na mutu. Ishaku ya rikice, ya cire hoton, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa ina da rai. Aka ce ana ɓoyewa ne sai an gama shiri. Ya ce to in yi bidiyo. Ya tsayar da ni a jikin bangon kicin, na faɗi sunana, na ce ga ni lafiyata ƙalau, har na rera baiti ɗaya. Ya saka. Ku ji abin da 'yan Adam suka rubuta a ƙasa, ya karanta mini da kansa: wai na'ura ce ta yi, a duba bakin bai tafi daidai da maganar ba. Wai Mama Rifkatu ba ta tsufa haka ba, ga hotonta na gaskiya nan mun gani. Wato matar cikin gajimare ita ce ta gaskiya, ni mai tsaye a jikin bangon kicin ni ce ta jabu. Na yi shekara da shekaru ina tsayawa gaban mutanen nan kowace Lahadi da wannan fuskar, rana ɗaya aka nuna musu wata mai santsi suka zaɓe ta suka bar ni. Wannan ya ba ni haushin da har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Duk wannan da abin dariya ne a ƙarshe, in da labarin bai kai ƙauyenmu ba, can bayan Kwoi, inda Yaya Bulus yake. Shi ne babban wana, shi ne ya riƙe gidan ubanmu, kuma a lokacin idonsa ya riga ya tafi, sai dai ya ji ya taɓa. Ku da kuka tashi a birni dole in bayyana muku wani abu. A wurinmu idan matar aure ta mutu, gidan ubanta ba sa jin labari a hanya. Ko sun ji, ba su ji ba. Dole gidan mijinta da 'ya'yanta su tashi manya su je da ƙafarsu, su zauna, su faɗa da baki. Kafin nan dangin mace ba sa motsawa. Sukan zauna a gida su yi kukansu, su jira 'yan aike. Saboda haka da aka gaya wa Yaya, bai aiko kowa ya duba ba. Ya sa aka share tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka bar aikin citta a gona, ya zauna yana jiran 'ya'yana su zo su gaya masa. Ba su zo ba, tun da babu abin faɗa. Yana jira ransa yana ƙara ɓaci. Sai wata surukarsa ta shiga shafin ta karanta masa sauran: ga rana, ga zaure, ga farashin kujerar gaba da na kujerar baya.

Hannatu ce ta kira ni ranar Juma'a da dare daga Sabon Tasha a Kaduna, inda take aikin jinya. Ɗan Yaya ya kira ta ya faɗa mata saƙo.

"Mama, Kawu ya ce wai mun ɓoye masa mutuwan ƙanwansa, kuma muna sayar da tikiti na jana'iza. Ya kira dattawan gida gobe Asabar. Zai faɗa a gabansu cewa Ishaku ba ɗan gidan ba ne kuma."

Kun san abin da wannan yake nufi. Ɗan da gidan kawunsa suka cire hannu a kansa, ranar neman aurensa babu mai tsaya masa, ranar da ya shiga uku babu inda zai gudu, ranar da uwarsa ta mutu da gaske babu mai karɓar gaisuwarsa. Kuma maganar da aka faɗa gaban dattawa ba a tsince ta a mayar baki. Ishaku a lokacin ya fara zuwa gidan su yarinyar da ta zama uwar wasunku.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na sa aka kira wayar surukar, aka kanga wa Yaya a kunne. Na gaishe shi da yarenmu, na kira shi da sunan da muke tsokanarsa da shi muna yara. Ya saurara har na gama. Sannan na ji ya ce wa na kusa da shi, ba ni ba:

"An gaya mini abin nan yana iya yin muryar mutum. Ku ce wa yaron ya ji kunya. Ya kashe ta a hoto, yanzu kuma yana sa ta magana."

Aka kashe wayar. Na zauna riƙe da ita kamar in jefa ta a rijiya. 'Ya'yan gidan da yawa sun riga sun yarda ina da rai, sun yi ta gaya masa. Ya ce to in ta mutu, an ɓoye masa an kuma yi kasuwa da ita. In kuma tana da rai, yaron ya binne uwarsa a idon duniya tana numfashi. Ko ta wace hanya hukuncin ɗaya ne. Yaya Bulus tun yana saurayi haka yake, in ya kafe ko shanu ba sa ja da shi.

Shi kuma wanda ake shirin korewa, maimakon ya kwantar da kai sai ya hau nasa dokin.

"Ni ban yi laifi ba, Mama. Ni na rubuta ka mutu? Mutane ne ba sa karatu, hoto kawai suke gani su fowad. In Kawu bai gane teknoloji ba, wannan ba matsalana ba ne."

"Za ka gane matsalar wa ce ranar da ka je neman aure da kwamfuta a matsayin kawu."

"To ya bari sai bayan konsat mana. Mutane sun riga sun saya."

Nan ne maganar take. Zaman dattawa Asabar da safe, taron waƙata Asabar da rana. Wani zai ce a je da sassafe a dawo, Kwoi ba nisa ba ce. Amma na san gidanmu. Wanda aka yi wa kuka ba ya shiga ya fita kamar mai karɓar bashi. Dole ya kwana, ya ci abincin gidan, a gan shi da safe ya tashi kamar kowa. In na je, babu ni babu zaure. Shugabar zumunta ta zo ta roƙe ni, ta ce in ban fito ba ai na tabbatar wa mutane ƙaryar. Fasto ya ce a aika dattawan majami'a su ba Yaya haƙuri. Na ce Yaya bai yarda da muryata ba, zai yarda da ta baƙi? Na duba sabon zanen da na ɗinka yana rataye a ƙusa, raina ya yi baƙi ƙirin. Ina jin haushin Ishaku, ina jin haushin Yaya, ina jin haushin duk mai waya a ƙasar nan. Na ninke zanen na sa a akwati, na ce wa Ishaku ya nemo mana mota, kuma in ya sake ce mini teknoloji zan bar shi a tasha.

Taron kuwa an yi shi ba ni. Daga baya aka ba ni labari. Zaure ya cika har waje, domin da yawa sun saya ne a zaton gudummawar jana'iza ce. Da shugabar zumunta ta tashi ta ce Mama tana nan lafiya, ta dai je ƙauye ne, sai aka ji wata daga baya ta ce, "Ashe can za a binne shi." Mata suka fashe da kuka, ƙungiyoyin ƙauye suka juya waƙoƙinsu zuwa na ta'aziyya. Haka aka yi mini ban kwana. Waƙoƙin da na zaɓa ban rera su ba, kuma ba a sake shirya wani ba, don bayan wannan wa zai sake sayen tikiti da sunana. Wannan abu ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi, kuma ba na son kowa ya ce mini ai ba komai.

Daga Kwoi babur muka hau, don damina ta cinye hanyar. Ni a bayan wani, Ishaku a bayan wani, muna ratsa gonakin citta, laka tana fallatsa mini a zane. Da muka shiga gari wata mata da ke dawowa daga rafi ta gan ni ta saki bokiti ta koma da baya. Ban kula ta ba. Na wuce kai tsaye gidan ubana, na tarar da tabarmi a shimfiɗe, manyan tukwane a kan murhu, dattawa zaune a inuwar mangwaro, Yaya Bulus a tsakiya a kan kujerarsa da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Ya rame. Ban yi zaton kwanakin nan za su ci shi haka ba. Na durƙusa a gabansa duk da gwiwar, na kama hannunsa na ɗora a fuskata.

Ya shafa goshina, ya bi ta kumatu, ya tsaya a kan tabon da ke ƙasan kunnena, wanda shi da kansa ya yi mini da lauje muna yara wajen yankan ciyawa. Abin da ya faɗa da yarenmu ya faɗa, ina juya muku ne da Hausa.

"Rifkatu, kin tsufa."

"Kai ma ba ka ƙara yarinta ba, Yaya."

"Na yi miki kuka har muryata ta dushe. Wa zai biya ni?"

Mata suka fara guɗa, ya ɗaga sanda suka yi shiru. Ya ce zaman bai tashi ba, a kawo yaron. Ishaku ya matso ya tsuguna. Na ga bakinsa yana motsi, na san yana shirya jawabin nan nasa na mutane ba sa karatu, na harare shi har ya haɗiye. Yaya ya ce shi bai ga hoton ba kuma ba zai taɓa gani ba. An ce masa akwai gajimare, akwai tsuntsaye, akwai farin kaya. An kuma ce masa abin da ya yi hoton ba ya zana komai sai abin da aka roƙe shi.

"To gaya mini abin da ka roƙa. Kada ka gyara. Yadda ka faɗa masa."

Yarenmu bai zauna a bakin Ishaku ba, abin da na sha yi masa faɗa a kai, don haka da Hausa ya amsa, kansa a ƙasa.

"Ban ce ya sa gajimare ba, Kawu. Shi ya ƙara, na ga ya yi kyau na bari. Ni abin da na ce, ya yi mini mamana yana hutawa. Na ce ya cire gajiya a fuskan."

"Gajiya."

"E. Na duba hotuna duka, babu wanda bai gaji ba. Ko na ranan aurensa. Tun ina ƙarami ban taɓa ganin fuskan Mama babu gajiya ba. In ya dawo kasuwa, in ya dawo coci, ko yana dariya yana nan. Na ce tun da zai sauka, bari sau ɗaya in gani yadda zai zama, mutane ma su gani."

Ni dai ina durƙushe ban motsa ba. Duk hanya ina tara maganganun da zan zazzage wa su biyun, na yi musu jeri tun daga tashar Kafanchan. Na neme su na rasa. Yaron nan da nake ganin bai san komai ba sai danna waya, ashe tun yana ƙarami yana kallona.

Yaya ya daɗe yana murza kan sandarsa. Wani dattijo ya yi gyaran murya zai sa baki, ya ɗaga masa hannu.

"To ai abin bai yi maka ƙarya ba," in ji shi. "Ka ce ya ba ka macen gidan nan babu gajiya. Mu ma ba mu taɓa ganin irinta ba sai a cikin akwati. Uwarmu ma sai ranar muka ga fuskarta a sake."

Babu wanda ya yi dariya. Matan da ke tsaye bakin murhu suka sunkuyar da kai. Ya juya wajen dattawan ya ce yaron zai kawo akuya, saboda kukan da aka yi da aikin gona da aka bari, kuma zai bi gida-gida a ƙauyen da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa cewa uwarsa tana da rai, tun da ya iya aika mutuwa ta waya. Amma maganar da ya tara su ya faɗa, ya fasa.

"Ni na girme ta, a gabana ta tashi, lokacin ina da ido ban ga abin da yaron nan ya gani ba. Ba zan kore shi ba. Zo nan, ɗan Rifkatu."

Ishaku ya matsa, Yaya ya lalubo kansa ya dafa, ya ja kunnensa da ƙarfi har ya yi ƙara, sannan ya sa shi ya zauna a gefen kujerarsa. Dattawa suka fara miƙewa, mata suka koma kan tukwane, tun da abincin makoki ya riga ya hau wuta kuma dole a ci shi. Na ga surukan gidan suna fama da tuƙin tuwo a babbar tukunya, suna yi kamar ba su ci abinci ba, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na dafa ƙasa na yunƙura zan je in karɓi muciyar. Gwiwata ta yi ƙara, Yaya ya ji.

"Ina za ki?"

"Tuwon nan zai yi gudaji, Yaya."

"Ya yi. Zauna, Rifkatu."

Na koma na zauna a kan tabarmar da aka shimfiɗa don makokina, na miƙe ƙafafuna, na bar su suka tuƙa.